DARASIN KIWON LAFIYA: KULA DA HAƘORAN YARO TUN YANA GOYE

Wata ranar Talata wata mata ta zo asibitin ƙauyensu da ɗanta a goye. Surukarta tana biye da ita. Shekarar yaron biyu da rabi. Kwana uku ke nan ba ya barci, ba ya cin abinci. Da an kai masa loma sai ya kau da kai, ya fashe da kuka.

Malamar asibiti ta ce a kwantar da shi a cinyar uwarsa. Ta ɗaga leɓensa na sama. Haƙora huɗu na gaba sun yi baƙi, sun gutsure. Wani turmi ya yi kogo, dasashin gefensa ya kumbura.

Tsohuwar ta ce, "Malama, ai haƙoran nono ne. In ya yi famfara wasu za su fito. Ki ba mu maganin zazzaɓi mu tafi."

Malama ta ce, "Iya, turmin nan ba zai faɗi ba sai ya kai wajen shekara 10. Yanzu shekararsa biyu da rabi. A bar shi da ciwo har shekara bakwai nan gaba?"

Tsohuwa ta yi shiru. Malama ta juya wajen uwar ta ce, "Me yake sha in zai yi barci?"

Uwar ta ce, "Shayi da sukari, a bulumboti. In ba a ba shi ba, ba ya barci."

"Ana wanke masa baki?"

"A'a, Malama. Ai yaro ne."

Malama ta rubuta musu takarda zuwa babban asibiti, wurin likitan haƙori. Ga kuɗin mota, ga kuɗin magani. Maigida ya bar gonarsa kwana biyu ana tsakiyar shuka. Duk wannan wahala ana iya kauce mata da ɗan ƙyalle mai tsabta, da ƙaramin buroshi, da minti biyu safe da dare. Abin da darasin wannan wata zai koyar ke nan.

AMFANIN HAƘORAN NONO

Haƙoran nono guda 20 ne, 10 a sama, 10 a ƙasa. Akwai na gaba guda 8, fiƙoƙi 4, turame 8. Babban mutum kuwa yana da 32.

Haƙoran nono suna da aiki huɗu:

1. Da su yaro ke tauna abinci. Yaron da haƙori ke yi wa ciwo ba ya cin abinci sosai, sai ya rame.
2. Da su yake koyon magana, harshensa ya fita daidai.
3. Su ke riƙe wa manyan haƙora wuri. Idan na nono ya faɗi kafin lokacinsa, na kusa da shi sai su matso. Babban haƙori ya rasa wurin fita, ya fito a karkace.
4. Manyan haƙora suna girma a cikin muƙamuƙi, a ƙarƙashin na nono. Idan saiwar na nono ta yi mugunya, ciwon yana iya ɓata na ƙasa tun bai fito ba.

LOKACIN FITOWAR HAƘORA

Yawancin yara suna fara haƙori a wajen wata 6. Ga yadda suka saba fitowa:

Na gaba biyu na ƙasa: wata 6 zuwa 10.
Na gaba biyu na sama: wata 8 zuwa 12.
Na gefensu, sama da ƙasa: wata 9 zuwa 16.
Turame na farko: wata 13 zuwa 19.
Fiƙoƙi: wata 16 zuwa 23.
Turame na biyu: wata 23 zuwa 33.

Kafin yaro ya cika shekara 3 duk sun fito. Wani yaro yana da sauri, wani yana da nawa. Wani sai ya kusa shekara ɗaya kafin ya fara. Wani kuma na sama ke riga na ƙasa fitowa. Wannan ba alamar wani mugun abu ba ce. Amma idan ya kai wata 18 babu haƙori ko ɗaya, a nuna shi a asibiti.

Famfara tana farawa a wajen shekara 6, ta ƙare a wajen shekara 12. A shekara 6 ɗin nan akwai wani babban turmi da ke fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono ne. Na dindindin ne, in ya lalace babu wani a bayansa.

SHIN HAƘORI YANA KAWO ZAWO?

Idan yaro yana haƙori yakan yi yawan dalala. Dasashinsa yakan yi ƙaiƙayi, ya riƙa cizon duk abin da ya samu. Yakan yi rigima, jikinsa ya ɗan yi ɗumi. Iyakar abin da haƙori ke kawowa ke nan.

Haƙori ba ya kawo zawo. Ba ya kawo amai. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya sa yaro ya sandare. Me ya sa waɗannan ke zuwa tare da shi? Dalili shi ne, a wannan lokaci yaro ya fara rarrafe. Yana kai ƙasa da takalmi da kashin kaji bakinsa. An fara ba shi kunu da ruwa. Kariyar da ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki ita ma ta fara raguwa. Ƙwayoyin cuta sai su samu hanya.

Nan haɗarin yake. Uwa ta ce "haƙori ne", ta zauna a gida, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon haƙarƙari. Zawo kuwa yana ƙarar da ruwan jikin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka:

Yaro mai zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti a karɓo ƙwayar zinki. Kada a hana shi wannan ruwa don tsoron sukari, ceton rai ne.

Yaro mai zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa ranar da ya fara.

Ƙaiƙayin dasashi kuwa maganinsa mai sauƙi ne. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta murza masa dasashin da yatsa a hankali. Ko ta ba shi ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza.

A guji maganin haƙori na kwalba ko na gari da ake tallansa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka mutu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin. An gano akwai guba a cikinsa mai lalata ƙoda. Haka kuma kada a fasa kafso ja da rawaya a ba yaro. Irin wannan kafso yana rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, kuma rinin ba ya fita. Kada a bar kowa ya tsaga dasashin jariri da aska. Haƙori da kansa yake fitowa.

ME KE CIN HAƘORI?

Mutane sukan ce tsutsa ce. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ga yadda abin yake.

A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani. Suna taruwa a jikin haƙori, su yi wani farin dauɗa mai yauƙi. In aka kankari haƙori da farce da safe za a gan shi. Abincin waɗannan ƙwayoyi shi ne sukari. In suka sami sukari sai su fitar da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan ke cin bayan haƙori sannu a hankali, kamar yadda ruwan sama ke cin katangar ƙasa, har ya yi kogo.

Bayan haƙorin yaro bai kai na babba kauri ba. Shi ya sa yake saurin lalacewa.

Miyau yana wanke tsamin, yana gyara haƙori, amma sai an ba shi lokaci. Yaron da ke tsotson alewa daga safe har yamma bai ba miyau lokacin aiki ba. Da dare kuma miyau yana raguwa. Shi ya sa abin zaƙi a lokacin barci ya fi kowanne ɓarna.

Ƙwayoyin nan suna tashi daga bakin babba zuwa na yaro. Kada a tauna abinci a ba shi. Kada a lashi cokalinsa. Kowa da buroshinsa, kowa da asuwakinsa. Uwa ma ta kula da nata bakin.

YADDA AKE WANKE BAKIN YARO

Daga haihuwa zuwa fitar haƙori: A sami farin ƙyalle mai laushi, a keɓe shi don wannan aiki. A wanke hannu. A jiƙa ƙyallen da ruwan da aka tafasa ya huce. A naɗe a yatsa, a share dasashi sama da ƙasa, safe da dare. A wanke ƙyallen a shanya a rana. Wannan yana sa jariri ya saba da taɓa masa baki.

Daga haƙorin farko zuwa shekara 3: Ranar da haƙorin farko ya leƙo, ranar ake fara goge shi. A sayi ƙaramin buroshi mai laushi na yara. A shafa masa man goge baki ɗan kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa ɗaya.

Daga shekara 3 zuwa 6: A ƙara man ya kai girman ƙwayar wake ƙarama.

A sayi man da ke da sinadarin fuloraid, domin shi ke ƙarfafa bayan haƙori. A jikin kwalin ana rubuta shi da Turanci haka: Fluoride. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai, don kada ya sha. Fuloraid kaɗan gyara ne, mai yawa yana sa haƙori ya yi dabbare-dabbare.

Ga matakan gogewa:

1. Uwa ta zauna a tabarma inda akwai haske. Ta kwantar da kan yaro a cinyarta.
2. Ta ɗaga leɓensa da yatsa, don ta ga inda haƙori ya haɗu da dasashi. Nan dauɗa ke maƙalewa.
3. Ta goge a hankali, tana ɗan kewayawa da buroshin. Ta bi waje, ta bi ciki, ta bi saman turame.
4. In haƙora sun cika baki, ta ɗauki kamar minti biyu.
5. Yaro ya tofar in ya iya. Kada a kurkure da ruwa, a bar ɗan man ya yi aiki.

A yi haka sau biyu kullum: da safe, da kuma kafin barci. Na dare shi ne mafi muhimmanci. Bayan an goge, ba a sake ba shi abin zaƙi.

A ɗauraye buroshi a tsayar da shi a kofi ya bushe. A sake sabo bayan wata 3, ko in bakinsa ya baje.

Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai ya kai wajen shekara 7. Kafin nan a bar shi ya gwada, sannan babba ya ƙarasa.

IN BABU BUROSHI FA?

Asuwaki tsohon abu ne mai amfani, kuma Musulmi sun san sunna ne. Ana yin sa da marke ko darbejiya, akwai kuma wanda alhazai ke kawowa daga Makka. Yana cire dauɗa sosai in an iya amfani da shi. Ga ƙaramin yaro, a sami siriri ɗanye, a wanke, a dandaƙa bakinsa, a jiƙa ya yi laushi. Babba ne zai goga masa. In akwai man goge baki a ɗan shafa a kai. Kada a bar yaro yana gudu da asuwaki ko buroshi a baki, in ya faɗi zai soke shi.

Kada a dirje haƙoran yaro da gawayi ko toka ko yashi. Suna kankare bayan haƙori, suna yanka dasashi.

IDAN YARO YA ƘI

Yawancin yara suna ƙi da farko. Ba a dukan yaro a kan wannan, ba a kuma daina yi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A riƙa yi a lokaci ɗaya kullum, kamar bayan sallar asuba da bayan tuwon dare. Yayyensa su goge nasu a gabansa, domin yaro da kwaikwayo yake koyo. A yi masa waƙa ko a ƙirga masa haƙoransa da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. In an gama a yaba masa. Amma kada ladan ya zama alewa. In yana fizge-fizge, mutum biyu su zauna gwiwa da gwiwa, ɗaya ya riƙe hannuwansa, ɗaya ya goge. Cikin 'yan makonni zai saba.

ABINCI DA ABIN SHA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. Nonon uwa shi ne mafi kyau. Amma da haƙori ya fito, a riƙa goge shi ko da yaro yana shan nono.

Kada a sa sukari a kunun yaron da bai kai shekara 2 ba. In bai saba da shi ba, ba zai nema ba. Kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Daga wata 6 a koya masa sha da kofi. Kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Kada a kwantar da yaro da bulumbotin shayi ko madara a baki.

Abubuwan da ke ɓata haƙori: alewa, minti, biskit, cingam, lemon kwalba, tuwon madara, zoɓo da shayi masu yawan sukari. In za a ba yaron da ya tasa, a ba shi tare da abinci, sau ɗaya, ya sha ruwa a bayansa.

Abubuwan da ke gina haƙori da jiki: kindirmo, ƙwai, wake, kifi, kunun gyaɗa, zogale, gwanda, mangwaro, dankali mai jan ciki.

Maganin ruwa na yara yakan zo da sukari. In an ba yaro, a bi shi da ruwa.

A DUBA BAKIN YARO KOWANE WATA

Sau ɗaya a wata a ɗaga leɓen yaro a rana a duba. Farin tabo kamar alli kusa da dasashi shi ne farkon lalacewa. A wannan mataki ana iya tsayar da ita da gogewa da rage sukari. In tabon ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, ko ya yi rami, sai likitan haƙori. Yana da kyau ma'aikacin lafiya ya duba bakin yaro kafin ya cika shekara 1. Ranar rigakafi dama ce ta yin haka.

In yaro ya faɗi haƙorin nono ya fita, kada a mayar da shi. A danne wurin da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti.

CIWON NOMA: KADA A KWANA DA SHI

Akwai wani mugun ciwon baki da likitoci ke kira noma. Sunan ba na Hausa ba ne, kuma ba shi da alaƙa da aikin gona. Wasu suna ce masa ciwon iska, amma ba iskoki ke kawo shi ba, ba kuma sammu ba ne. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, waɗanda ba a tsabtace musu baki, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro.

Yana farawa daga dasashi. Alamunsa su ne: dasashi ya kumbura yana jini, baki ya yi wari ƙwarai, gyambo a cikin baki, yawan dalala, kumatu ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki wurin sai ya yi baƙi ya ɓurme, ya cinye leɓe ko kumatu ko hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara 10 da ba a yi wa magani ba, har 9 suna iya mutuwa. Amma in an je asibiti tun yana dasashi, magani da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da shi.

A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman don wannan ciwo, wanda aka buɗe a 1999. Ana yi wa waɗanda ya ɓata wa fuska aikin gyara. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Rigakafinsa uku ne: abinci mai gina jiki, tsabtar baki, da allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15.

AIKIN KOWA NE

Maigida ne ke zuwa kasuwa. Kuɗin da yake saye wa yara alewa a 'yan makonni ya isa ya sayi ƙaramin buroshi. Tsarabar ƙwai ko gwanda ta fi ta minti. Kaka ma tana da nata aiki, domin a ɗakinta jikoki ke samun abin zaƙi, kuma maganarta ake ji a gida.

Yaron nan na farkon darasi an cire masa haƙora biyu, an cike masa turmin. Zai zauna da giɓi har manyan su fito. Bayan wata takwas uwarsa ta dawo asibiti da ƙanwarsa jaririya don rigakafi. Kakar ce ta riga kowa magana. Ta ce, "Malama, duba mini bakin wannan. Ni nake share mata da kaina, safe da dare."

SABABBIN KALMOMI

Dasashi, turmi, fiƙa, famfara, fuloraid, noma.

TAMBAYOYI

1. Haƙoran nono guda nawa ne?
2. A faɗi amfaninsu guda uku.
3. Me za a yi wa yaro mai zawo a lokacin haƙori?
4. Yaya girman man goge bakin da ake sa wa ɗan shekara 2?
5. Me ya sa gogewar dare ta fi muhimmanci?
6. A faɗi alamun ciwon noma guda uku.

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya duba bakin ƙananan yaran gidansu da rana. Ya ƙirga haƙoran kowane yaro, ya rubuta shekarunsa da yawan haƙoransa a littafi. In ya ga farin tabo ko rami ko jini, ya rubuta, ya kuma gaya wa iyayen. A kawo littafin aji a karanta wa malami.